Yadda Za Ka Tada Kwamfuta Ka Kwantar da Mai Tortiya

Osbelí Chanchavac, mai gyaran kwamfuta a gidan hayar Don Nazario da ke bayan kasuwa a garin Xela, kai ka sa aka rufe min rumfa. Kai ɗin nan, ba wani ba. Yanzu matsa gefe, da masu son gadon sana'arka nake.

Kai saurayi mai son a kira ka injiniya, zo nan. Ni Tomasa Xicará ban taɓa zama a aji ba, gasa tortiya, wato wainar masara, na sani tun uwarka tana goye. Amma ƙofata tana kallon ta Osbelí, na ga aikin nan ciki da waje. Bi matakan nan, na lamunce maka: kwamfutar mutane za ta tashi, maƙwabciyarka za ta kwanta.

1. Rataya takardar shaida

Je ka yi kwas ɗin kare lafiya da muhalli, a ba ka takarda mai hatimin zinariya. Sa ta a gilashi, ka kafa inda mai shigowa zai fara gani. Shi ke nan, muhalli ya tsira. Kada ka wahalar da kanka da abin da aka rubuta a ciki. Ni ban iya karanta ta ba, kai ba ka karanta ba, ka ga mun yi kunnen doki.

2. Wanke tawada inda ake wanke abinci

Kwamin siminti ɗaya ne a tsakar gidan, a nan nake wanke dafaffiyar masarata kafin in kai niƙa. To nan za ka kawo gwangwanayen tawadar firinta ka ɗauraye. Kada ka zubar da ruwan, kada ka gaya wa kowa. Amma sa safar hannu fa! Hannun injiniya ba abin wasa ba ne. Cikin 'yan unguwa kuwa ai ya saba.

3. Hura ƙura da lura

Kwamfuta tana tara ƙura, firinta tana da wani baƙin gari kamar kwalli. Kada ka hura a cikin shagonka, za ka yi tari. Ɗaura takunkumi, fito bakin ƙofa, duba inda iska ta nufa, ka saita injin hurawa daidai kaskon tsohuwa. In ta ce, “Kai ɗan nan, ba ka ga abinci nake yi ba?” sai ka zare takunkumi ka yi mata murmushi, ka kira ta da lakabin girmamawa: “Haba Doña, ɗan yaji ne na zamani.”

4. Batir da ya kumbura

Akwai inda ake karɓar irinsu, amma da nisa, kai kuma babban mutum ne. Cusa shi cikin tarin itacenta. In ya fashe a murhu ya cinye mata gira da gefen rigar saƙi, leƙo da kanka ka jajanta: “Allah ya kiyaye gaba, Doña. Itacen yanzu sai a hankali.”

5. Ba da shawara kyauta

Masarata fara ce. Da ƙullin ya fito da ratsin shuɗi, na ɗauka a wurin niƙa aka gauraya min da baƙar masara, na gasa na sayar. Washegari sai ga Doña Chabela, wadda ke saya wa jikokinta kullum, ta janyo ƙaramin da hannu. “Tomasa, me kika ba jikokina? Buɗe bakinka ta gani! Yaro ya kwana amai, harshe kamar an rina.” A gaban layin masu saye ta faɗa, layin ya watse.

Nan ne wurin nuna ilimi. Jingina da ƙofa kamar yadda Osbelí ya yi, ka ce: “Doña, ki ce sabon samfuri ne ki ƙara kuɗi. Turawa masu yawon buɗe ido za su yi layi.”

6. Tarbi duba-gari da mutunci

Za su zo, Chabela ba ta barin magana ta kwana. Ba su kujera, ba su kofi, ka ce wa babbansu, “Ranka ya daɗe, wayar nan taka tana nauyi, kawo in duba maka.” Sannan ka tsaya ƙarƙashin takardar nan mai hatimi. In tsohuwa tana ihu a zo a ga kwami, kada ka damu, ka riga ka goge shi tas da safe, karo na farko a rayuwarka. Za su ce mata, “Iya, a wurinki aka ci,” su zagaye rumfarta da igiyar roba mai ruwan ɗorawa.

Mai gida ma ba matsala. Haɗa masa waya ya riƙa kallon ƙwallo kyauta, za ka ji Don Nazario yana cewa shi ba ya shiga rigimar 'yan haya.

7. Kada ka daina gaisuwa

Ladabi rabin sana'a ne. Sayo tortiyarka a wani layi, ka wuce ta gaban kaskonta mai sanyi, ka ce, “Doña, yau ba wuta?”

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya haɗu da tsohuwa mai muciya a hannu, ba ruwana, ban san shi ba, ban aike shi ba.

Amma kai Osbelí, ba muciya nake so in ba ka ba. Rumfata nake so a buɗe, kuma Chabela ta daina tsallaka titi in ta hango ni. Sa takalminka. Za ka bi ni ofishin duba-gari, ka tsaya gaban babbansu da Chabela da jikan nan nata, ka faɗa da bakinka abin da ka wanke a kwamin. Ina zaune a ƙofar shagonka a kan buhun masarata, mai kawo gyara sai dai ya tsallaka ni. Fito ka amsa.