Idon Mikiya da Hoto na Uku

"Ni fa idona ba irin naku ba ne," in ji Oddvar, yana buga ƙirji a ƙofar zauren ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto. "Ko ina barci aka gifta mini da hoto, sai na faɗa muku inda mai shi ya tsaya, da abin da ya karya kumallo da shi!"

Ɗan'uwa, in ba ka san Oddvar ba, ka huta. Mai shagon fenti ne a ɗan garinmu na bakin ruwa a yammacin Norway. Wai don ya iya bambance fari da fari fat, sai ya naɗa wa kansa sarautar Idon Mikiya. Kyamara har biyu a wuya, tumbi a gaba, baki kuwa ba ya zuwa hutu.

Ran Lahadin da nake ba ka labari ne za mu zaɓi hoton da zai hau bangon kalandar gari, wadda ake ratayewa a kowane kicin kusa da tukunyar kofi. Gogan naka ya riga ya shaida wa duk mai sayen fenti cewa nasa ne zai hau, har ya buga ƙusa a shago tana jira. Ƙashin da ya tsaya masa a wuya ɗaya ne, Gunvor, likitar haƙoran garinmu, wadda in aka haska hotonta zaure kan yi tsit.

Ƙa'idarmu tsohuwa ce. Ana zura 'yan ƙananan hotunan a majigi, a haska su ba suna. Mai riƙe da sanda ya fara da yabo, ya kawo gyara, ya rufe da ƙarfafa gwiwa. In hoto ya yi muni ƙwarai, yana iya neman a ɗaga hannu a cire shi, kuma abin da aka cire ya ciru. Ni ne shugaba, sanda kuwa ranar a hannun Oddvar ta faɗo. Ashe tun da safe ya ja mijin ƙanwarsa, Eilif mai kula da majigi, ya yi masa alkawarin fentin gida kyauta in ya faɗa masa wanne ne hoton Gunvor. Eilif ya raɗa masa: "Nata ne na uku."

Aka ja labule, aka zuba kofi, waina da cuku suka zagaya. Hoton farko ya fito, teku ne da faɗuwar rana.

"Yabo tukuna, Oddvar," na tuna masa.

"Yabo? To, ya cire murfin kyamara, sannu da ƙoƙari. Amma jama'a ku dubi tekun nan! Ya karkace, yanzu zai zube mana a cinya. Wane mashayi ne ya ɗauka?"

"Suruki," in ji Eilif, "ba hoton ba ne. Ƙafar majigi ce ta zame daga kan littafin waƙoƙin coci."

Dariya ta ɓarke. Eilif ya sunkuya zai gyara, gwiwar hannunsa ta bugi jerin hotunan, suka watse ƙasa warwar. Ya bi su da lalube a cikin duhu, ya mayar yadda Allah ya ba shi iko. Oddvar bai ma lura ba, yana can yana bayanin cewa da ma gwada mu yake yi.

Hoto na biyu tsauni ne da dusar ƙanƙara. Idon Mikiya ya matsa, ya dangwala sanda a kan wani baƙin ɗigo.

"Kun ga ƙazanta? Datti a gilashin kyamara! Mutumin da ba ya goge gilashi, ina tabbatar muku ko haƙoransa ba ya gogewa."

Dattin ya ɗan taka zuwa hagu. Ya tsaya, ya murza hannuwa, ya tashi fir ya sauka a kan wainar Oddvar. Kai! Ni dai kofi ta hanci ya fito mini.

"Ƙuda ne, ranka ya daɗe," in ji Gunvor. "Shi ma a ba shi gyara?"

Kunnuwan mutumin suka yi ja wur. Ya haɗiye fushinsa, don ya san na uku na tafe. Da majigi ya yi ƙaras, kallo ɗaya ya yi wa ƙyallen da ake haska hoto a kai, tsauni da tafki, sai ya juya masa baya. Fuskar Gunvor yake son gani tana narkewa.

"Wannan kam ba yabo, shugaba, kada ma ka tambaye ni. Dubi sama duk ta yamutse kamar rigar da ba a goge ba! Launi kamar ruwan wanke buroshi! Mai wannan hoto ya sayar da kyamara ya koma sana'arsa, ko cire haƙori ne. Ina neman a cire shi!"

"Oddvar, ka tabbata? Ko ɗan gyara ba za ka ba shi ba?"

"Gyaransa kwandon shara. Hannu sama!"

Shi ya fara ɗagawa, har da sanda. Mutane sun gaji da hayaniya, waina na hucewa, hannuwa suka tashi. Na ce an cire.

Gunvor ko gezau. Ta gyara tabarau, ta karkata kai.

"Ni tambaya gare ni. Tun yaushe agwagwa ta fara kwanciya rigingine a sararin sama?"

Muka duba. Ga ta nan kuwa a saman tsauni, a manne kamar jemage.

"Af!" in ji Eilif. "A kife na zura shi."

Ya zaro, ya juya, ya mayar. Samar da ta yamutse ta koma ruwan tafki, agwagwa ta koma iyonta. Oddvar ya waiwaya. Sanda ta faɗi.

"Tsaya, tsaya! Wannan ai... jama'a ku dubi haske! Ku dubi zurfi! Makonni na yi ina sintiri a bakin tafkin nan, sauro ya cinye ni! Shugaba, a sake ƙuri'a!"

"Abin da aka cire ya ciru," na ce, ina share hawaye.

"Eilif, munafuki, ka ce nata ne na uku!"

Zaure ya fashe da dariya. Wani tsoho har da faɗowa daga kujera. Hoton Gunvor ya fito daga baya, shi ya hau kalanda, ba wanda ya yi musu.

Amma baiwar Allah ta ce ba za a tashi ba sai an cika wa hoton Oddvar ƙa'ida, tunda an hana shi haƙƙinsa. Ta ɗauki sanda daga ƙasa.

"Yabo: agwagwar ta yi ƙoƙari. Gyara kuwa, mai shi ya riga ya faɗa, ba ni da abin ƙarawa."

"Saura ƙarfafa gwiwa," in ji Oddvar da 'yar murya.

"Kada ka karaya, Oddvar. Wallahi a kife ya fi kyau."