Sarki Mukhtaru da Ƙuri'ar Raba Gardama

Duk wanda ya shiga unguwar Jarwal da ke Makka ya fita bai ga Mai Martaba Sarki Mukhtaru ba, to otal-otal kawai ya gani, bai ga Jarwal ba. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwar cika kujera. Idan ya zauna, ba ya rage wurin da sauro zai sauka. Idan ya tashi kuwa, har kujerar takan yi ajiyar zuciya. Ba ma ce masa Alhaji, domin a Makka wannan laƙabi ba ya ɗaga kowa. Mai wankin mota ma ya fi wani attajirin yawan hawan Arfa. Mutum irin Mukhtaru dole a nemo masa suna daidai faɗin kafaɗarsa.

Ga yadda aka samo sunan. Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Jarwal ta daɗe tana fama da gardamar dattawa, har matasa suka gaji suka rubuta kundin tsarin mulki. Suka tanadi cewa za a riƙa zaɓen shugaban kwamiti, shi ne mai gudanar da komai. Sai aka rasa yadda za a yi da Mukhtaru, wanda ya girmi kowa, ya kuma fi kowa murya. Wani mai hangen nesa ya ba da shawara a naɗa shi sarki irin na wasu ƙasashen Turai, wanda ake girmamawa amma ba a tambayarsa. Aikinsa shi ne ya buɗe taro da addu'a, ya sa albarka ga abin da kwamiti ya riga ya yanke, sannan ya tsaya a tsakiya idan za a ɗauki hoto. Matasa kan kira shi Sarkin Amin. Tsofaffin mata kuwa, da ba su iya ɓoye ƙauna ba, Na-Tsakiyar-Hoto suke ce masa.

Wajibi ne a shaida cewa ya riƙi wannan aiki da gaskiya. Kowace safiya yana ƙofar tsohon kantinsa na carbi da darduma, wanda 'ya'yansa ke gudanarwa yanzu, yana ilmantar da masu shan gahawa.

"Ku fahimta," yakan ce, "mu ba gwamnati ba ne. Mu ne alamar haɗin kan al'umma. Gwamnati takan zo ta wuce kamar alhazai, mu kuwa muna nan kamar duwatsun Makka. Sarki ba ya shiga siyasa. Idan shugaban kwamiti ya yi daidai, albarkarmu ce. Idan ya yi kuskure, kundi bai ba mu damar sani ba."

Lokacin da aka rushe gidaje a unguwar Nakkasa, iyalai suka sauko suna neman wurin sa kai, matasan ƙungiya sun yi makonni suna hawa da katifu da firji a ka. Ranar da aka ajiye tukunya ta ƙarshe, sai ga Mai Martaba cikin ƙamshi. Ya shaida wa jama'a cewa ya bi lamarin sau da ƙafa daga nesa, kamar yadda martabar kujera ta tanada. Aka ɗauki hoto. Ya fito da kyau ƙwarai, domin shi kaɗai ne ba ya gumi.

Sai dai kowane bango da inda ya tsage. A ƙarshen kundin akwai wani sashe da Sarki ya haddace fiye da sunayen jikokinsa, wanda ya ce idan ƙuri'un 'yan takara suka yi kunnen doki, Sarki ne zai raba gardama. Wannan kaɗai ne ikon da aka bar masa, kuma bai taɓa samun damar taɓa shi ba. Duk zaɓe yakan yi addu'ar Allah Ya ba mai rabo sa'a, amma waɗanda ke kusa da shi sun ce aminsa ba ta fita da ƙarfi.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. A bana ƙuri'u suka zo daidai wa daida tsakanin mutum biyu. Na farko Nawaf, haifaffen Makka, ma'aikacin otal, wanda Hausarsa sai ta dafa Larabci kafin ta miƙe tsaye. Na biyu Awwalu, mai sayar da turare, wanda iyayensa suka iso ta Chadi da Sudan. Da aka sanar da sakamako, an ga Sarki ya rufe ido yana motsa leɓe. Jama'a suka ɗauka alhinin rabuwar kai ne.

Al'amarin kuwa na gaggawa ne. Babban aikin ƙungiyar a kowace shekara shi ne raba wa alhazai ruwa da dabino a Muzdalifa, kuma aikin hajji ya ƙarato. Ana buƙatar shugaban da zai nemo takardar izini, wadda a nan ake ce wa tasarihi, ya shirya motoci, ya raba wa matasa aiki. Kalma ɗaya daga bakin Sarki ta isa.

Washegari Nawaf ya zo gaisuwa da faranti na shinkafar mandi, nama ya rufe ta ruf. Kwana ɗaya bayan haka Awwalu ya zo da turaren wuta mai tsada da kilishin da aka aiko masa daga gida. A nan Mai Martaba ya gano wata hikima da ta kuɓuce wa magabata, wato hukunci kamar nama yake, ba ya son a sauke shi da wuri.

"Ya ammi, baffana, wallahi lokaci ya ƙure," in ji Nawaf a zuwansa na gaba. "Tasarihi ba ya jiran kowa."

"Ɗana, sarki ba ya duba agogo, agogo ne ke duban sarki. Wannan naman na rago ne ko na ɗan akuya?"

Awwalu ma ya gwada nasa. "Ranka ya daɗe, ko ni ko shi, faɗi kawai mu san inda muka dosa."

"Muna tuntuɓa. A ƙasashen da suka ci gaba, ba a naɗa gwamnati sai an yi tuntuɓa mai zurfi."

"Wa ake tuntuɓa, ranka ya daɗe?"

"Kanmu," in ji Sarki, ya miƙa hannu cikin kilishi.

Haka tuntuɓa ta yi ta zurfi, wuyan rigar Sarki yana ƙara matsewa. Ya ba da ɗinkin sabuwar alkyabba mai zaren zinariya. Ya riƙa gwajin jawabi a gaban madubi, yana koyon inda zai yi shiru domin zukata su tsinke. Daga baya faranti ya daina zuwa, turare ma ya ƙare ba a kawo wani ba. Sarki ya fassara wannan da cewa kwarjini ne ya hana yaran kusantarsa, ya kuma yaba da tarbiyyarsu.

Da alkyabba ta fito daga wurin tela, ya aika a sanar cewa zai bayyana hukuncinsa a zauren ƙungiya ranar bakwai ga Zulhajji bayan La'asar. Ko yaron goye a Makka ya san cewa a wannan mako ba mai lokacin tsayawa atishawa. Wanzami na wasa aska, direba na kwana a mota, mai tura keken tsofaffi bai san inda takalminsa yake ba. Amma rabon Mai Martaba da aikin kakar hajji tun gemunsa na baƙi, kuma kalandar sarakuna daban take da ta talakawa.

Ya iso zauren a hankali, yana ba jama'a damar miƙewa. Bai tarar da jama'a ba. Kwalayen ruwa ne jere har rufi, ƙasa kuma tsofaffin mata ne zaune suna ƙulla dabino a leda, ƙarƙashin jagorancin shugabarsu Hajiya Khadijatul Kubra. Kujerar sarauta tana can lungu, an ɗora mata buhu biyu.

Sarki bai karaya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara alkyabba, ya yi gyaran murya. "Ya ku al'ummarmu, bayan dogon nazari, a wannan rana mai tarihi..."

"Sannu da zuwa, Yaya Mukhtaru," in ji Hajiya, hannunta bai bar leda ba. "Kai, wannan alkyabba ta yi! Biki za ka?"

"Mun zo raba gardama, Hajiya."

"Wace gardama? Ai yaran nan tuni suka shirya. A ƙofar gidanka ma suka haɗu, kowa da farantinsa, suka ce su zauna su cinye abinsu. Nawaf ya ɗauki ofis da Larabci, ya samo tasarihi. Awwalu ya ɗauki motoci da samari. Mu kuma muka amince ta waya, shugaba biyu."

"Ta waya? Ba a sanar da mu ba!"

"To ai kai ka ce sarki ba ya shiga siyasa, shi ya sa ba a sa lambarka ba. Girmamawa ce."

Wani zai juya ya tafi gida. Amma gwarzo ba ya mayar da takobi kube bai sara ba. Mai Martaba ya ɗaga hannu sama, ya cika ƙirji da iska.

"Duk da haka, bisa ikon da kundi ya ba mu, mun zaɓi..."

Daidai nan babbar motar ɗaukar ruwa ta iso ƙofa da baya, direba ya danna ham ya ƙi ɗagawa. An ga bakin Sarki ya buɗe, an ga ya rufe. Da ƙarar ta lafa, Hajiya ta ce, "Madalla, Allah Ya saka da alheri. Ɗan matsa gefe, Yaya, ka tare hanyar kwali."

Ruwa ya isa Muzdalifa a kan kari, alhazai suka sha suka yi addu'a. Har yau ba wanda ya san wanda Sarki Mukhtaru ya zaɓa. Ba ɓoyewa yake yi ba. Kullum yana ƙofar kanti, sunan na kan harshensa, yana jiran mai tambaya.