Mita Ɗaya da Rabi

Komai zan manta a duniya, ba zan taɓa manta takardar da ke cikin kwalin wayar Kawu Mamman ba. Ƴar ƙarama ce, a ninke kamar laya, amma ita ta cinye mini aikin da na shekara uku ina nema.

A ƙauyenmu, can gefen Maijirgi, ni ne ɗan boko. Birebe, wato takardar gama ƙaramar sakandare, kawai gare ni (shi ma sai a karo na biyu na samu), amma ban taɓa riƙe alli ba aka fara kirana Mushe, yadda ake kiran malaman makaranta, ni kuma ban hana ba. A shekarar na sake kai takarduna ofishin masu kula da makarantu a Tasawa, ina neman aikin koyarwa. Suka ce in bar lamba, za su kira. Wayata ta daɗe da faɗawa rijiya, sai na rubuta lambar Kawu, ƙanen mahaifiyata.

Ana nan sai ɗansa ya aiko masa da sabuwar waya daga Agadas. Aka sa mata layin Kawu, ya miƙo mini takardar a gaban dattawan da ke hira a rumfarsa.

"Mushe, duba muna mi anka ce nan."

Faransanci ne, amma ba irin wanda aka koya mana a lakwal ba. Na ga DAS da manyan baƙaƙe. Na ga ana maganar igiyoyin rediyo da jikin mutum. Na ga 1,5 da wani abu a gabansa. Sauran duk duhu. Mutumin kirki da sai ya ce bai gane ba. Ni kuwa sai na gyara murya.

Na ce waya tana fitar da wata iska mai zafi da ido ba ya gani, kuma masu ƙera ta da kansu sun rubuta a nisanta ta da jiki mita ɗaya da rabi. Da na ga sun yi tsit, daɗin baki ya kwashe ni, na ƙara da cewa tana dafa ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wallahi wannan ba ya cikin takardar, daga cikina ya fito.

Kawu mutum ne mai taka-tsantsan. A lissafinsa, in mita ɗaya da rabi kariya ce, mita talatin ta fi. Ya saka wayar a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya kai ta cikin rumbun hatsi a bayan gida. Sai in zai kira ɗansa yake ɗauko ta, ya aza bisa turmi, ya ja da baya yana kwarara ihu. Da idona na gani. Har alfahari na yi, ina jin na ceci rai. Ko sau ɗaya tunanin lambar da na bari a Tasawa bai zo mini ba.

Bayan kamar mako uku aka yi suna a gidan Kawu. Cikin baƙi har da Majo, wato babban ma'aikacin asibitin yankinmu. Ana cikin rabon goro wayarsa ta yi ƙara, ya kara a kunne. Kawu ya zabura.

"Majo, kai da ka san lahiya! Nisanta ta, za ta dahwa maka kai!"

Majo ya gama maganarsa, ya tambayi wa ya faɗa. Hannu ya fi goma da ya nuna ni. Aka ɗauko takardar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"Santimita ne, Mushe. Ɗaya da rabi." Ya ɗaga ɗan yatsansa. "Kamar faɗin wannan."

(Har yau ina gaya wa mutane harafin c na cm ya faɗa ne cikin ninkin takardar. Ƙarya nake, yana nan sarai.)

Ya yi wa jama'a bayani cikin natsuwa. Ya ce gaskiya ne waya na fitar da igiyoyin rediyo, DAS kuma ma'aunin abin da jiki ke sha ne daga cikinsu, akwai iyakar da aka sa, takardar tana cewa wannan wayar ba ta haura ta ba. Ƴar tazarar ma ta mai ɗaukar waya a jikinsa ce. Ba wanda ya saurare shi sosai, dariya ake har da riƙe ciki.

Da a nan abin ya tsaya, da na gode Allah. Kawu ya je rumbu ya ɗauko wayar, ya busa mata ƙaiƙayi, ya ba Majo ya duba ko hatsi ya ɓata ta.

"Lafiyarta lau. Amma wa ke ta kiranku haka? Lamba guda, sau shida."

Majo ya kira lambar, ya miƙo mini wayar. Na karɓa, na kara a kunne, a gaban mutanen da na hana yin haka. Wata mata ta ɗauka. Ta ce e, sunana ya fito, an turo ni wata makaranta wajen garin Sarkin Hausa, kwana uku suna nemana. Da ba su same ni ba suka ba na bayana, har ya fara aiki.

Ba wanda ya sake dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Kawu ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ni dai abin da ka ce shi na yi."

Na koma gida na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ke nan, ina kai takardu, ba a sake kira ba. Ina noma gero da gyaɗa a gonar mahaifina, yaran gari kuma sun sauya mini suna, yanzu Mushe Mita nake.

Abin da na koya kalma uku ne kacal, kuma ba da Faransanci ba: ban gane ba. Duk wanda ya miƙo mini takarda yanzu, su nake shirin faɗa masa. Sai dai tun ranar sunan nan ba wanda ya sake miƙo mini.