Dokar Hana Hawa Tudu

A wani gari wai shi Tudun Haƙuri, kada ku tambaye ni inda yake, 'ya'yana, ni ma a bakin mutane na tsinci labarin. Garin dai a kan tudu yake, kuma albasa kaɗai ƙasarsu ke yi. Manyan motoci ke gangarawa da ita kasuwar Kwari, su hauro da gero. Da haka ake ci.

Sai man dizal ya yi tsada. Sarki Mun-Ji-Mun-Gani ya tara majalisa, aka naɗa Sarkin Tsimin Mai, aka ba shi motocin rakiya shida don ya ji daɗin aiki. Shi kuma ya sa aka kira Baba Cindo, direban da ya shekara talatin a hanyar.

"Cindo, me ke shanye muku mai?"

"Ranka ya daɗe, ramuka ne da shingaye. Shinge goma sha uku ne daga nan zuwa Kwari, kowanne sai ka tsaya inji na kuka. Ga lodi ya wuce kima, ga tayoyi sun suɗe. A cike ramukan, a ɗage shingayen."

"Madalla," in ji Sarkin Tsimi.

Washegari aka kafa shinge na goma sha huɗu, na auna mai. Ma'aikaci ya zura sanda a tanki, ya zuƙi galan guda, ya tafi da shi ofis a bincika.

Mai bai fasa ƙarewa ba. Majalisa ta ce nauyi ne. Aka cire tayar ko-ta-kwana, aka cire jak, aka ɓalle ƙofofi. Buhunan fadawa da ake ɗorawa a sama kuwa, an auna, an ce su ba su da nauyi.

Daga nan masana suka yi wata uku suna nazari, suka gano cewa mota ba ta shan mai a gangara, a hawa take sha. Sarki ya sa hannu, aka haramta hawa.

Motoci suka gangara ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dawo. Tsimi ya yi kyau ƙwarai, har aka yi walima. Gero kuwa ya ƙare a gari. Tabawa, matar Cindo, ta dafa albasa da safe, ta soya albasa da rana, jikoki suka daina tambayar me aka girka. Rana ta tara ta yafa mayafi ta nufi ofishin Sarkin Tsimi.

"Ranka ya daɗe, maigidana na gindin tudu da mota cike da gero, mu muna nan tukunya ta bushe."

"Baiwar Allah, wa ya hana shi zuwa? Inji aka hana hawa, ba mota ba."

To, yunwa ba ta jayayya da doka. Gari ya gangara, maza da mata, aka sa kafaɗa. Cindo na riƙe da sitiyari, kansa a sunkuye, ya kasa duban matarsa a madubi. A kowane shinge sai an tsaya, a sa dutse a bayan taya, a nuna takardu.

Sarkin Tsimi ya fito bakin tudu, an riƙe masa laima, yana kallon masu turi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen magatakarda.

"Su kuma waɗannan, me suke sha?"

"Koko, ranka ya daɗe."

"Ludayi nawa?"

"Kamar biyar kowanne."

Sarkin Tsimi ya girgiza kai. "Biyar," ya ce. "Kira mini masana."