Yadda Za Ka Gano Siffar Sinadari Da Taimakon Sandar Mahaifinka

Kai ɗalibi, share hawayenka. An ba ka farin gari a kwalba, an ce ka faɗi yadda ƙwayoyinsa suka jeru, ko ka manta da digiri? Ga hanya nan da ba ta taɓa ba mai ita kunya ba. Mutum ɗaya ya bi ta, wani siririn ɗalibi da ake kira Tsinke, kuma ya ci nasara. Ɗari bisa ɗari ke nan.

1. Fara sanin abin da Farfesa ke so

Tun kafin Tsinke ya buɗe kwalbar, Farfesa ya zana siffar a allo: zobe biyu da jela. "Wannan za ka samu," in ji shi. Tsinke ya ce, "Shi ne ma, ranka ya daɗe." Haka ake yi. Sinadari ba ya sa hannu a takardar kammalawa.

2. Kai wa injin gaisuwa

Injin NMR ƙaton maganaɗisu ne mai kama da tankin ruwa. Narka garin, zuba a siririn bututun gilashi, saka a ciki. Zai ba ka takarda mai tsini-tsini kamar bakin zarto. Kowane tsini haidirojin ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyin garin, ke faɗin inda yake zaune. In yana da maƙwabta biyu, tsininsa ya rabu uku. In uku ne, ya rabu huɗu. Kada ka yi mamaki, kai ma maƙwabta ke raba maka hankali.

3. Sasanta takarda da Farfesa

Takardar Tsinke ta fito da tsini biyar da babu su a zanen allo, wasu biyu da ake jira kuma ko ƙeyarsu ba a gani ba. Bai razana ba. Biyar ɗin ya rubuta musu "datti". Biyun da suka ƙi zuwa ya ce kunya suke ji. Ilimi ai haƙuri da juna ne.

4. In an ce a sake gwaji, ka ce to

Farfesa ya leƙa takardar ta saman tabarau. "Dattin nan naka ya fi sinadarin tsawo."

"Datti ne mai ƙoshin lafiya, ranka ya daɗe."

"Gobe a sake, a gabana."

Tsinke ya ce to, amma akwai matsala. Matarsa ta riga ta ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai, ta kuma gaya wa duk danginta.

5. Hana mahaifinka zuwa

Tsinke ya koma gida ya ce, "Baba, gobe akwai babban gwaji, don Allah kada ka zo." Bai yi da wata manufa ba, amma ka riƙe wannan: babu gayyatar da ta kai hani ƙarfi. Da safe sai ga Baba, tsohon mai walda, da sandarsa ta ƙarfe da ya ƙera da hannunsa. Ya wuce allon gargaɗin da ke ƙofa kamar ba da shi ake ba.

"Wannan tankin ne ya cinye maka ƙuruciya?"

"Baba, tsaya nan! Sandar!"

"Sandata ta girme ka."

Bai rufe baki ba sandar ta miƙe ta nufi injin, Baba na biye da ita, don ya rantse ba zai saki ba. Ƙau! Injin ya yi wani irin nishi, ya fesa farin tururi har rufi, kowa ya yi waje. Farfesa ne a gaba. Baba ya fito ƙarshe, hannu wayam, yana cewa, "Tankin nan ɓarawo ne."

6. Bar Farfesa da zaman banza

Gyaran injin sai an kira masana daga nesa. Farfesa ya rasa abin yi, sai ya aikata abin da bai taɓa yi ba: ya zauna ya karanta takardar ɗalibinsa. Ya ƙirga tsinin dattin, ya auna, ya goge allo, ya zana zobe ɗaya mai jela biyu. Komai ya zauna daram. Ya buɗe manyan littattafai, babu wanda ya taɓa ganin irin wannan sinadari.

Ya kira Tsinke. "Ka ga abin da nake gaya maka tun farko?"

Tsinke ya dubi allon, ya tuna ɗinkin matarsa. "Shi ne ma, ranka ya daɗe."

Aka ba shi digiri. A shafin godiya na kundin digirin Farfesa ya sa a gode wa jami'a, da injin, da haƙurin Farfesa. Da aka karanta wa Baba, ya ce shi ba godiya yake nema ba, a tambayi masu gyaran injin dalilin da ya sa da suka ciro sandarsa suka miƙar da ita sambal, alhali da lanƙwasarta ya saba.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da hannu a ɓatan makulli, agogo, ko wandon da ya bi bel ɗinsa. In mahaifinka sandar katako yake riƙewa, wannan tsakaninku ne. Sai ka koma ka yi karatu.