Rasuwar Babban Yaya, Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin taɓawa, ni Alika Pacheco na unguwar Keaukaha a Hilo nake sanar da rasuwar Babban Yaya, ukulelena, wato molon tsibirinmu, ƙirar bariton mai kaurin murya, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Lahadi a garejinmu, shinkafa na kan wuta.

Marigayin dattijo ne mai dogon wuya da faɗin ciki. Ƙananan ukulele na can sama suna tsiwa a sautin G-C-E-A, shi kuwa yana zaune abinsa a D-G-B-E, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Tsirkiyoyinsa biyu masu kauri naɗin ƙarfe ne, iskar teku kan sa musu tsatsa, bai yi ƙorafi ba. Sirara biyun zaren fatsa ne daga kayan kamun kifina, don ban ga abin da zai kai maƙwabcin teku kanti neman zare ba. In na taɓa babbar tsirkiya sai ya ce "duuum", kamar bijimin da ya ƙoshi. Shekara da shekaru yana rufa wa muryata asiri, muryar da matata Noelani ke cewa kwaɗin lambunmu sun fi ta daɗi.

Babban aikinsa a ƙarshen rayuwa shi ne reno. Jikata Kalehua ba ta barcin rana sai da wannan "duuum", uwarta kuma tana wurin aiki, ni ake bar wa ita. Ranar Asabar za ta cika shekara, an haƙa ramin gashin nama, kuma a gidanmu kaka ne ke yi wa jika waƙar wannan rana.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ƙanin matata Clyde ya zo kiɗan Lahadi, ya ce, "Haba Yaya, wannan naka kullum kamar mai mura! Kawo in daidaita shi da na mutane." Kafin in ɗauko ƙanƙara daga kicin ya kama kunnuwan marigayi na ɗaure tsirkiya yana murɗawa, wai sai ya kai shi G-C-E-A. Wannan sauti akwai siraran tsirkiyoyinsa na musamman, kowa ya sani ban da Clyde. Marigayi ya ce "ƙiii", ya ƙara cewa "ƙiii", sannan ya ce "ɓaras". Jakin da ke riƙe tsirkiyoyin ya ɓalle da fatar cikinsa, ya faɗa kwanon ɗanyen kifi.

Clyde ya ce, "Ai dama katakon ya tsufa."

Noelani ta ce, "Kai ma ka tsufa, wa ya murɗe ka?"

Mai gyara ya duba gawar, ya girgiza kai, ya ba ni haƙuri.

Ya rasu ya bar ƙanne biyu masu tsiwa, da jaka mai mataccen zik, da Kalehua, wadda ta fi mu duka nuna alhini. Ranar Litinin ta yi ta ihu. Na kaɗa mata ƙaramin ukulele, ta ƙara wuta. Da dabara ta ƙare mini, na kwantar da ita a ƙirjina, na buɗe wannan murya tawa ta kwaɗo na ce "duuum". Ta yi shiru. Na sake. Yarinya ta yi barci da babban yatsana a hannunta, ni kuwa hawaye ya zo mini. Noelani ta leƙo daga ƙofa ta ce, "To tsoho, ashe ya bar maka gado."

Za a yi jana'iza ranar Asabar, kafin a buɗe ramin nama. Za a rataye shi a bangon gareji da sarƙar furanni a dogon wuyansa. Kifin masu ta'aziyya da siririyar tsirkiyarsa aka kama shi, don ta koma sana'arta ta fari. Clyde zai wanke kwanuka, kuma ana roƙon jama'a kada a bar shi kusa da duk abin da ke da kunne.

Waƙar jika, ni zan yi ta, ba mai rufa mini asiri. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa, amma a hankali, don mai bikin za ta yi barci.