Wayar Kamfanin Faktis

Laifina ne, na amsa, amma 'yan shagon nan na kasuwar Adjamé su suka fara. Na je sayen wayar salula da na yi wa surukina alkawari, na tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Yarinyar da ke tsaron shagon tana gyaran farce, ko kai ba ta ɗago ba. Da na tambayi farashi, da leɓe ta nuna mini takardar farashi a bango.

Na fita ina huci, na shiga shagon intanet a unguwar Roxy, inda babu mai harararka. A intanet na ga waya mai kyau, arha kamar tsintuwa, an rubuta "factice" a gefenta. Faransancina na ciniki ne, sai na ɗauka sunan kamfani ne. Wani ɗan'uwa a Faransa ya saya ya aiko. Kafin ta iso na ishi majalisa da wa'azin cewa zamanin shago ya wuce.

Ranar Juma'a na kai ta unguwar Treichville, na miƙa wa Baba, surukin nawa, a gaban 'ya'yansa. Ya sa albarka. Ya danna, ya sake dannawa, shiru.

"Sai an yi caji, Baba," na ce.

Ƙanin matata ya karanta kwalin, ya dube ni.

"Yaya, factice ai ta ado ce, irin wadda ake jerawa a gilashin shago. Ba komai a cikinta."

Baba ya ajiye ta a kan talabijin, tana nan har yau. Ƙanin matata kuwa ko a masallaci muka haɗu sai ya raɗa mini, "Alhaji Faktis, Baba na cigiyarka. Ya ce ko ka kira bai ji ba?"